Hukuncin Fergus a Kan Faifai na Uku

Shekara goma sha biyu muna haɗuwa gidan Fergus a unguwar Northcote, duk Lahadin farkon wata, ni da shi da Callum. Kowa ya riƙo faya-fayansa, mu gasa nama a bayan gida, mu yi ta musu kan ƙananan ƙungiyoyin kiɗan rock, irin waɗanda babu wani babban kamfani a bayansu. Fergus ne alƙali, don a ƙuruciyarsa ya yi sharhin waƙoƙi a wata jarida da ake rabawa kyauta. In ya yanke hukunci, to ya zauna.

Ƙungiyar da muka fi so ita ce Salt Tram, 'yan garin Geelong, waɗanda suka yi faifai huɗu suka watse. A wurin Fergus na farko ɗanye ne amma da rai, na biyu babu kamarsa, na huɗu a yi masa uzuri. Na uku kuwa shara ne. Ya ce sun kori mai gangarsu sun kawo fiyano, suka yi kiɗan ɗakin jiran likitan haƙori. Ni da Callum muka hardace maganar, muna maimaita ta duk inda muka je.

Wata Lahadi a Janairu, ana zafi sosai, musun ya sake tashi. Callum ya ce na farko ya fi na biyu, Fergus ya ce masa ya je a wanke masa kunne. Suna cikin haka faifan da ke kai ya ƙare. Marnie matar Fergus, ma'aikaciyar jinya ce kuma ba ta shiga musunmu, ta tashi ta shiga ciki ta sa wani.

Kiɗa ne kawai da farko, fiyano a hankali, jita na bin sa daga nesa, kusan minti biyar babu murya. Fergus ya tsaya da cokalin juya nama a hannu.

"Su wa ke nan, Marnie?" ya tambaya. "Kun ji aiki. Irin wannan ya kamata Salt Tram su yi, ba waccan sharar ba."

Marnie ta ce, "Sharar ce ai."

Sai ga muryar mawaƙin ta shigo, muryar da ko daga barci aka tashe mu za mu gane. Kunnuwan Fergus suka yi ja. Callum ya soma dariya, ya ce, "Alƙali, ina hukunci?" amma da ya dubi fuskar Marnie sai ya haɗiye sauran.

Ta faɗa mana ba tare da ɗaga murya ba. Ta sayi faifan tun satin da ya fito. Ranar da suka fara fita tare da Fergus, ya kwashe rabin awa yana yi wa masu son faifan ba'a, ita kuwa tana son Fergus, sai ta yi shiru. Da ta tare gidansa ta ɓoye shi cikin kwalin wani faifai. Waƙoƙin a mota take ji, a hanyar asibiti, musamman ranar da wani majinyacinta ya rasu.

Fergus ya zauna a kan akwatin ƙanƙara. Ya ce waƙa ɗaya ya taɓa ji a ciki, ita ma a rediyo, yana tuƙi. Washegari ake jiran sharhinsa, sai ya ɗora kan abin da ya ji ana faɗa. Bayan an buga kuma ya ji nauyin komawa ya saurara.

Ni kuwa nawa laifin ya ishe ni. Ban taɓa jin faifan ba ko sau ɗaya, amma na taɓa tare wata mata a shagon faya-fayai a unguwar Fitzroy, tana riƙe da shi, na faɗa mata maganar likitan haƙori. Ta mayar da shi ta fita.

Muka saurara har ƙarshe, naman ya ƙone ba wanda ya tashi. Ba duka ke da daɗi ba, waƙa ta shida ta yi tsawo. Da ya ƙare Fergus ya ce, idonsa a ƙasa, "Ki yafe mini."

"Na biyun ya fi shi, ban musa ba," in ji Marnie. "Amma da ka tambaye ni ko sau ɗaya."

Daga baya Fergus ya samo adireshin mawaƙin, wanda yanzu yake koyarwa a wata firamare a garin Ballarat, ya rubuta masa wasiƙa shafi biyu. Amsa ba ta zo ba. Marnie ta ce ko ita ce ba za ta amsa ba.