Kifin Juma'a ta Tagar Kicin

A da, a garinmu na arewacin Wisconsin a Amurka, komai a mashayar Augie ake yi. Can ake murnar haihuwa, can ake zaman makoki, can kuma matata Lorraine take soya kifi duk Juma'a. Na ƙare ƙuruciyata ina koyar da adabi, amma har yau mijin mai kifi ake ce mini.

Wendell Kruschke tsohon ɗalibina ne. Ya je yaƙi, ya dawo ba ya iya barci, ya faɗa ƙwaya da giya, ƙarshe sai gidan yari. Da aka sako shi kafin wa'adinsa ya cika, aka gindaya masa sharuɗɗa: ya sha maganinsa, ya riƙa ganin likitan ƙwaƙwalwa, kada kuma ya taka inda ake sayar da giya. In ya taka, ya koma ciki. Wanda ya tsara wannan sharaɗi bai san garinmu ba. Da ya sani, da ya gane ganin mutane ya hana shi.

Lorraine ce ta samo mafita. Ta kifa masa bokiti a lungu, ƙarƙashin tagar kicin ɗin mashayar, tana miƙo masa faranti.

"Zauna nan, soja. Lungu ba na Augie ba ne."

"Gwaggo, gishiri ya yi yawa."

"Ji min ɗan fursuna da zaɓen abinci! Ci, ko in ba kare."

Jami'ar da ke sa masa ido ta zo ta ga bokitin, ta ɗanɗana kifin, ta tafi abinta.

Ranar da muka binne Lorraine, aka cika mashayar. Al'adarmu ce kowa ya kurɓi giyar barandi don girmama mamaci. Augie ya hango Wendell tsaye a waje cikin kwat ɗin aro.

"Kai, shigo mana! Yau ranar Lorraine ce. Wa zai kai ƙararka?"

Maza biyu suka riƙe shi suna ja, wani ya tura masa kofi a hannu. Ba mugunta ba ce. Mutanen garin nan ba su san wata hanyar nuna ƙauna ba. Wendell ya tokare ƙafa a bakin ƙofa, barandin na zuba a kan takalminsa.

Na ce, "Ku sake shi. Mutum ɗaya na binne yau, ya ishe ni."

Na ɗauki farantin kifin da wani ya soya, muka zaga lungu. Ya bar mini bokitin, shi ya tsuguna a ƙanƙara. Ya kai loma, ya daɗe yana taunawa.

"Malam, babu gishiri."

Ya cika wa'adinsa bai koma gidan yari ba. Yanzu wayar hannu ake sayarwa a mashayar, tagar kuwa an toshe ta da bulo. Duk Juma'a Wendell yana zuwa gidana, in soya kifi in ɓata shi, ya cinye tas babu ƙorafi.