Ƙafar Feda

Shekara talatin da ɗaya Dogo yana taka keken ɗinki da ƙafar dama, sannan ƙafar ta fara neman hakkinta. Wani ƙashi ne ya tuso a gindin babban yatsan, yatsan kuma ya karkace ya jingina da na kusa da shi, kamar fasinjan da barci ya kwashe a mota. Da farko takalmi ya sauya. Daga baya ya koma yanke gefen takalmin da reza. Da abin ya kai ga in ya yi awa biyu a kan feda sai ya sauko yana cije leɓe, matarsa ta daina lallashi, ta tasa ƙeyarsa zuwa asibiti.

Likitar ƙashin mace ce, sa'ar 'yarsa ta fari. Ta juya ƙafar dama da hagu kamar mai taya kaya a kasuwa.

"Baba, aikin nan rabi nawa ne, rabi naka. Ni zan yanka ƙashin, in miƙe shi, in kama shi da ƙusa biyu. Kana shan taba?"

"Na bari."

"Shekara tara ke nan, likita," in ji matar. "Wannan kam zan yi masa shaida."

"Ciwon sukari fa?"

"Babu."

"Madalla, ƙashinka zai haɗe in ka bar shi. Mako shida ba ka ɗora nauyi a gaban ƙafar nan. Mece ce sana'arka?"

"Tela ne ni."

Ta ajiye biro. "Keken wuta ko na feda?"

"Na feda."

"To ka saurare ni da kyau. Duk takun feda ɗaya, daidai inda zan yanka yake lanƙwasawa. In ka hau kafin lokaci, ka warware mini ɗinki."

Dogo ya ce ai shi ya fi kowa sanin zafin a warware wa mutum ɗinki. Aka yi dariya, aka yi aiki, aka sallame shi da sandunan dogarawa da wani takalmi mai faɗi kamar faranti.

Shagon da yake aiki na su biyu ne. Abokin nasa shi ke awo da yanka, shi ya sa duk layin ake ce masa Almakashi, Dogo kuma shi ke ɗinki. Shekara ashirin da biyu suna haka. Almakashi bai taɓa hawa keke ba, Dogo kuma in ya yanka wando, sai dai a nemo mai ƙafa ɗaya gajera. Ran da aka sallamo shi, Almakashi ne ya fara zuwa dubiya.

"Kwanta ka huta, mutumina. Ko shekara za ka yi, kekenka na nan. Ni da kaina zan riƙa goge masa ƙura."

Dogo ya ji hawaye na neman zubo masa, ya ɗora laifin a kan maganin da aka ba shi.

Kwana goma sha tara ya yi a kwance. Ya ƙirga allunan silin, ya san wace ƙadangaruwa ce ke zuwa taga da hantsi, ya gano cewa gidan yana tafiya lafiya lau ba tare da shawararsa ba. Ran kwana na ashirin, matar ta tafi kasuwa, sai ga Almakashi a kan babur, fuska kamar an yi masa rasuwa.

Wata makaranta ce ta kawo ɗinkin yunifom, saiti ɗari biyu, cikin kwana goma. Ya karɓa. Har ya yanka.

"Ka yanka? Wa zai ɗinka?"

"Abin da ya kawo ni ke nan. In aikin nan ya kuɓuce, shagon ƙarshen layi za a kai, kuma ba zai dawo ba har abada."

"Ka ga ƙafata dai."

"Na ga guda ɗaya. Allah bai ba ka biyu ba? Likitar taka ta hana ka hagu ne?"

Dogo ya dubi ƙafar hagu. Shekara hamsin da huɗu tana biye da shi, bai taɓa tambayar ta komai ba. Gaskiya kuma ita ce, ya gaji da silin. Da matar ta dawo ya ce mata zai riƙa zuwa shago ne ya zauna kawai, ya sa ido. Ta dube shi irin kallon da take yi wa mai nama in ya rantse.

A shago Almakashi ya kifa bokiti, ya shimfiɗa ƙyalle a kai, ya ɗora ƙafar daman da hannunsa kamar ƙwai. Hagu ta hau feda. Sai dai hagu baƙuwa ce. Ta tura keken baya, zare ya tsinke, allura ta karye, ɗinki ya tafi kamar sawun maye. Ranar farko riga bakwai kacal suka fita.

Washegari bayan azahar, sai Dogo ya ji aiki ya saki. Keken ya kama waƙarsa, ɗinki na zuba a miƙe, hannu na tura yadi ba tare da ya yi tunani ba. Har ya fara yabon hagu a zuci, sannan ya leƙa ƙasa. Bokitin wayam. Ƙafar dama ce a kan feda, da bandejinta da farantinta, tana ta aikinta. Bai san lokacin da ta sauko ba.

Ya ɗaga kai. Almakashi yana tsaye da alli a hannu, shi ma ƙasan yake kallo. Idonsu ya haɗu.

"Yauwa," in ji Almakashi. "Ga sautin da na sani."

Ya turo masa wani tulin yankakken yadi.

Kwana takwas aka yi haka. Aka kai yunifom a kan lokaci. Ƙafa kuwa ta kumbura ta yi sumul, Dogo yana ɓoye ta a ƙarƙashin zane in ya dawo gida, yana cewa sanyi yake ji.

Ranar komawa asibiti Almakashi ya ce shi zai kai shi, har cikin ɗakin likita ya bi shi. Ta ɗaga hoton ƙashin, ta daɗe tana kallo.

"Ƙusa ɗaya ta goce. Ƙashin ya zame, yatsan ya kama hanyar komawa inda ya fito. Baba, ka hau keke?"

Tun a hanya Dogo ya shirya faɗin gaskiya, ko dai mafi yawanta. Ya buɗe baki ke nan, Almakashi ya riga shi.

"Likita, gara da kika tambaya. Ba irin faɗan da ban yi masa ba. Na ce mutumina, ka bi maganar likita, aiki ba ya ƙarewa. Har bokiti na kifa masa. Amma kin san tsofaffin nan, in suka kafe."

Almakashi ya girme shi da shekara biyu.

Dogo ya ji kunnensa ya yi ɗumi.

Likitar ta ce sai an sake aiki. Wannan karon wata uku, kuma gaɓar tana iya sandarewa. Tafiya zai yi, in Allah ya yarda. Feda ce ba za ta yi alkawari ba.

"Wato ko bayan wata ukun ma ba tabbas?" in ji Almakashi.

Ita likitar ta ɗauka tausayi ne. Dogo ya san muryar. Da ita Almakashi ke tambayar mai yadi ko kala tana zuba.

A bakin ƙofar asibiti Dogo ya tsaya, ya dogara da sanda.

"Me ya sa ka faɗi haka?"

"Haba mutumina. In ce ni na ɗauko ka? Kai majiyyaci ne, ba mai ganin laifinka. Ni kuwa da wane ido za ta dube ni?" Ya tayar da babur. "Kada ka sa damuwa a ranka. Makarantar ta ji daɗin aiki, za ta ƙaro. Ƙanen matata ya iya feda, zai ɗan zauna a kekenka kafin ka miƙe. Tun makon jiya na yi masa magana."

"Makon jiya ba a ɗauki hoto ba."

"Ai ina da ido. Na ga kumburin. Hau mu tafi."

Dogo bai hau ba. Ya tsayar da tasi.

A gida ya gaya wa matar komai, har da bokitin. Ba ta yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Da safe ta nemo mai kura, ta je shagon ita kaɗai. Kafin azahar keken yana tsakar ɗakinsu, da akwatin zare da kujerarsa da aka ɗaure wa ƙafa ɗaya da waya.

"Me ya ce?" in ji Dogo.

"Ya ce abin bai kai haka ba. Na ce ya kai."

Ta durƙusa, ta zare igiyar da ke haɗa feda da kan keken, ta naɗe ta a hannu, ta jefa a akwatinta, ta kulle, ta ɗaure makullin a bakin zanenta.

"Ke kuma mene ne haka? Ai na yi hankali."

"Kai ka yi, Baban yara. Ita ƙafar ce ban ji ta bakinta ba."

Dogo ya dubi ƙafar, tana miƙe a kan matashi, ba ta ce komai ba. Ya ce a miƙo masa waya ya kira asibiti, a sa masa ranar sake aikin.