Jira a Mararraba

Tun a ƙofar masauki ya zare taswirar daga hannunta, ya ninke ta gida huɗu, ya cusa a aljihun gaba.

"Bar ni da wannan," ya ce. "In aka biye miki, sai mu kwana a bayan duniya."

Ta sakar masa. Shekara talatin da biyar ya yi yana aikin safiyo, yana auna filayen jama'a, kuma ritaya ba ta sa ya yarda wani ya riƙe taswira yana wurin ba. Yau ce rana ta huɗu cikin shida. Mota takan kwashi jakunkunan matafiya kowace safiya zuwa masauki na gaba, su kuma su ratsa tuddai a ƙafa, daga sanda sai gorar ruwa. Sau tara ita da mijinta suka yi wannan tafiya a lokacin hutu, tun gwiwoyinsu ba su san ciwo ba.

'Yarsu ta so ta hana wannan tafiya ta goma.

"Umma, mutumin da ya ajiye makullin mota a firij, shi za ki hau dutse da shi?"

Likita bai hana ba, bai kuma ce a je ba. Ita dai abu ɗaya ya kawo ta: tana so ta ga ko a kan tuddan nan za ta sake samun mijinta. A gida sunan jika kan ɓace masa, yakan tambayi ko an ci abinci alhali cokali na hannunsa. Amma kwana uku ke nan bai kauce hanya ko taku ɗaya ba. Jiya ma shi ya nuna wa wasu matafiya inda ake tsallake rafi, har da yi musu faɗa a kan takalmansu. Daɗi ya cika ta har ta kira 'yar tana mata gori.

Shi dogo ne, tafiyarsa kamar ana korarsa. Ita kuwa Hawainiya yake ce mata, kuma ba ta taɓa musu ba. Don haka suke da ƙa'ida: ya yi gaba abinsa, amma duk inda hanya ta rabu biyu zai zauna sai ta iso. A tafiyarsu ta farko ta ɓata rabin yini cikin hazo, tun ranar ya rantse ba zai ƙara wuce mararraba ba tare da ita ba.

Hawan bayan azahar ya ba ta wuya. Iska na kwantar da ciyawa, tumaki na kallonta ta bayan katangar duwatsu. Da ta zagayo wani ƙaton dutse sai ta hango shi zaune gindin allon da ke nuna hanya, sanda a kan cinya. Yana ganinta ya miƙe, ya gyara hula.

"Sannu da hanya, baiwar Allah."

Ta yi dariya tana haki. "Yau kuma da wannan ka zo?"

"Don Allah, ba ki wuto wata mata a baya ba? Gajera, mai sanda. Ba ta da sauri ko kaɗan."

Ta duba idonsa tana neman tsokanar da ta saba gani. Babu. Ladabi ne zalla, irin wanda yake yi wa matan mutane.

"Baban yara, ni ce."

Ya yi ɗan murmushin jin kunya, ya matsa gefe. "Kin yi makuwa, Hajiya. Ba komai, gajiya ce."

Ta ciro waya, babu layi. Masauki yana da sauran tafiyar awa biyu, ga gajimare na haɗuwa a kan tudun gabas. Ta mayar da wayar aljihu.

"Na gan ta," ta ce. "Ta ce ka yi gaba, za ta same ka a masauki."

"A'a." Ya girgiza kai, ya koma ya zauna. "Ba ita kika gani ba. Matata ba za ta faɗi haka ba. Ta san ba na wucewa."

Sai ta juya ta gangara, ta laɓe a bayan dutsen. Nan ta yi kukan da ta shekara biyu tana ɓoye wa yara. Ta share fuska, ta cire malafa, ta gyara ɗankwali yadda ya saba gani. Sannan ta sake hawowa a hankali, tana dogara sanda, tana mita da ƙarfi kamar kullum.

"Wannan ƙafa taka, sai ka ce an biyo ka!"

Ya zabura ya miƙe, fuskarsa ta washe. Ta ɗauka ya gane ta. Ya tako biyu, ya leƙa ta bayan kafaɗarta.

"Kin dawo? To, kin gan ta?"

"Tana tafe," ta ce da ƙyar.

"Na sani. Ai kullum tana isowa." Ya kakkaɓe mata wuri a kan dutse. "Zauna ki huta, ba za ta daɗe ba."

Ta zauna. Ya buɗe gorarsa ya miƙa mata. Ta kafa kai, don ƙishi ya busar mata da maƙogwaro. Ba ta kai ga kurɓa ta uku ba ya kama gindin gorar a hankali.

"Yi haƙuri, Hajiya," ya ce. "Rage mata. Da ƙishi take isowa."

Ta mayar masa. Ya toshe gorar da kyau, ya rungume ta a ƙirji, suka zuba wa hanyar ido su biyu.