Furfurar Manzo

Kowace shekara, idan azumi ya raba tsakiya, Cima takan shigo motar kasuwa daga Babankatami ta zo shagona a Buza in ƙara wa mijinta furfura. Ni ne Hamidu mai hoto, kuma kada wani ya ce bokanci nake yi. Aikin ordinatar ne, wato kwamfuta.

Kowa ya san halin garuruwanmu na Adar. Da an kai gero rumbu sai maza su watse ci-rani, wasu kudu, wasu arewa, mafi yawa kuma su dawo da faɗuwar ruwa. Manzo, mijin Cima, ya bi hanyar arewa tun ɗansu Mahfuzu bai fara famfara ba, kuma daga wannan tafiya ba shi ba labarinsa. Ba a ce ya mutu ba, ba a ce yana raye ba. 'Yan'uwanta sun yi magana har sun gaji: ta je wajen malamai a warware auren, ko a yi masa addu'a ta yi takaba ta huta. Ita kuwa ta kafe, ta ce ba ta yi wa mai rai takaba.

Abin da ya rage mata na Manzo ɗan hoton katin ɗan ƙasa ne guda ɗaya. Na sa shi a ordinatar tun zuwanta na farko, kuma Allah ya taimaka na yi haka, domin daminar da ta biyo baya gara ta cinye na takardar. Daga nan muka kama al'ada. Sai in ɗauke ta ita da Mahfuzu, in yanko kan Manzo in ɗora a bisa babbar riga, in tsayar da shi a tsakaninsu, su tafi da hoton Salla. Mata da yawa nake yi wa haka, amma Cima ce kaɗai ke jawo kujera ta zauna tana ba ni umarni.

"Ƙara mai hurhura nan ga gemu," haka take cewa. "Ubanai da wuri yay yi hurhura." In na ƙara sai ta ce, "Kai, Hamidu, ka cika! Ba tsoho ba na."

Ba ta taɓa faɗin sunansa ba, kamar yadda ba ta faɗin na Mahfuzu, tunda ɗan fari ne. Mijin "mai gida" ne, ɗan kuma "wanga". Haka muka yi ta tsufar da Manzo a hankali, ita da baki, ni da hannu, yana tafiya daidai da ita. Muddin yana tsufa a hoto, to a wajenta yana nan wani wuri yana numfashi.

Bana, azumi bai daɗe da kamawa ba, na kunna ordinatar da safe sai logisiyel ɗin, wato manhajar da nake gyaran hoto da ita, ya ƙi buɗewa. Wani rubutun Faransanci ya fito cikin ladabi, wai lisansi ya ƙare, in sabunta ta intanet da katin banki. Ni da banki sai dai in ratsa ta gabansa in sha inuwa. Ordinatar ɗin ma wani furoje na ƙungiyar agaji da na yi wa aiki ne ya bar mini shi da lisansinsa, furojen kuwa ya naɗe tabarmarsa tuntuni, ba wanda zan kira.

Na kashe na kunna. Na mayar da kwanan wata baya, don an ce hakan yana ruɗa shi. Bai ruɗu ba. Ga fayilolina nan ina ganinsu jere, aikin shekaru, iyalai na Buza da ƙauyukanta, amma kamar rumbunka ne cike da gero, makullin yana aljihun wani mutum da ba ka taɓa gani ba. Wani mai gyara a Madawa ya ce in kawo ya sa mini na sata. Na ƙi, domin na san mai hoton da ya yi haka, wata cuta ta shiga ta cinye masa komai. Ni kuwa fuskar Manzo ba ta da wani gida a duniya sai wannan injin.

Gaskiya na ji tsoro. Na riƙa zama a shago ina kallon wannan rubutu, zafi ya dame ni, azumi ya dame ni, in mota ta tsaya a bakin kasuwa sai gabana ya faɗi. Ba zan iya gaba ba, ba zan iya baya ba. Me zan ce wa Cima? In ce mijinki yana nan amma an kulle shi, kuma wannan karon ma ba mu san ina za mu je neman sa ba?

Maƙwabciyata Fiddausiya, mai shagon buga takardu, ita ta gaji da jin tsakina ta bango.

"Hamidu, mi as same ka? Tun sahe kana tsaki kamar tsaka."

Na nuna mata. Ta yi dariya, abin da ya ba ni haushi ƙwarai.

"Ni ma haka sunka yi min bara," in ji ta. "Sai nik koma LibreOffice, kuma har yau ba wanda yag gane takarduna sun sake. Akwai logisiyel da mutane ka haɗuwa su yi, kamar gayya. Kowa shi ɗauka, kowa shi ga yadda anka yi shi, ba mai riƙe makulli."

Na ce mata ni ban taɓa ganin gayyar da ba a dama fura ba. Ta ce to in zauna da tsakina.

Ban zauna ba. Da wayarta muka yi ta neman irin wannan logisiyel, rezo na intanet yana zuwa yana tafiya. Na farko da muka sauke na masu zane ne, bai dace da ni ba. Na biyu ya yi wa injina nauyi. Sai muka faɗa kan wani wai shi GIMP. Da na buɗe shi sai na ji kamar na shiga madafar wata mata: akwai wuƙa, akwai ludayi, amma ba abin da ke inda na saba ajiye shi. Na yi ta lalube ina ɓata rai. Duk da haka, kafin mako ya zagayo na fitar da hotunan katin 'yan lakwal, wato makaranta, ba wanda ya dawo da ƙorafi.

Fayil ɗin Manzo na bari ƙarshe, don tsoro. Ranar kasuwa da hantsi na yi bisimilla na danna. Ya buɗe. Na kusa tashi in yi kabbara, sai na lura da abin da ya buɗe ɗin. Ga riga, ga hula, ga fuska, amma furfurar da tamojin da muka tara shekara da shekaru babu ko ɗaya. Ashe na riƙa ɗora su ne ta wata hanya da tsohon logisiyel kaɗai ke karantawa, sun zauna can a bayan ƙofar da aka kulle. Abin da ya fito shi ne Manzo na katin ɗan ƙasa, saurayi mai santsin kumatu, gemun ma bai gama haɗuwa ba.

Na ce ba komai, zan sake zana masa tsufan da hannu, ko da zai ɗauke ni kwanaki. Ina cikin wannan tunani na ji sallama. Cima ce, tun kafin lokacinta, Mahfuzu yana bayanta, ya sunkuyo don kada ƙofa ta buge shi. Ya zama ƙato, gemu cike da fuska, noma ya ƙona shi.

"Inna Cima, kin yi sammako bana."

"Dole ta," ta ce. "Wanga ya ce bayan Salla za shi arewa. Na yi magana har bakina ya mutu."

Mahfuzu ya sunkuyar da kai. "Gero bai kai mu ko rani ba, Baba Hamidu. In nit tsaya mi za mu ci?"

Sai na tsayar da su gaban labule na ɗauke su. Na sa hoton a injin, na jawo Manzo tsakaninsu, ina karkata allon wajen bango. Na fara yi mata bayani cewa an sami 'yar matsala, ta dawo wata kasuwar. Ko saurarona ba ta yi ba. Ta jawo kujerarta kamar kullum, ta sa hannu ta juyo allon.

Hoton ya cika allon. A hagu ga Cima da goshinta mai layi-layi. A dama ga Mahfuzu. A tsakiya kuma ga wani yaro cikin babbar riga da ta fi ƙarfinsa, yana kallonmu da idon wanda bai san komai ba tukuna. Duk wanda ya ga hoton zai rantse Mahfuzu ne wa, Manzo ne ƙane.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa yatsa ta taɓa kumatun.

"Manzo," ta ce.

Ban taɓa jin sunan a bakinta ba. Kuma ba irin kiran da mace ke yi wa miji ba ne, irin wanda uwa ke yi wa yaron da ya yi nisa da gida ne. Tausayinta ya kama ni har na rasa inda zan sa idona.

"Ki ba ni kwanaki kaɗan," na ce, "in maido mai hurhuratai. Na iya, hannuna na bai saba ba tukun."

Ta girgiza kai. "Bar shi haka. Haka yat tahi. Ni ɗai nit tsuhwa."

Na buga hoton yadda yake. Ta karɓa, ta naɗe shi a gefen zane, ta miƙe. Har ta kai ƙofa sai ta tsaya.

"Wanga sabon abun naka, shi ma ana kulle shi?"

"A'a, Inna. Wanga ba a kulle shi."

Ta juya ta kama hannun Mahfuzu, ta ja shi gaban labule, ta gyara masa wuyan riga.

"To ɗauki wanga shi ɗai," ta ce. "Ka ɗauke shi da kyau, ka aje shi nan."