Gayya a Shingen Gulma

A fadamar Gulma, bayan gonakin shinkafa, akwai wani fili da aka kewaye da waya kusan shekara talatin da suka wuce. Mutanen gari suna ce masa Shinge. Ba a noma shi, ba a kiwo a ciki, ko ciyawa ba a yanka. Ciyawar jema da ƙayar ƙaidaji sun cika shi, ga giyayya sun yi inuwa ta gefen gulbi. Hodi ke tsaronsa tun gemunsa na baƙi.

Masu bincike daga Birnin Kebbi ne suka roƙi filin a wajen maigari na da. Duk shekara idan ruwa ya janye sukan zo su auna ciyawar da ke tsakanin wasu turakun ƙarfe, su ɗebi ƙasa, su zura igiya cikin wani bututu su ga inda ruwan ƙasa ya tsaya. Yanzu aikin yana hannun Malama Wuraola, 'yar Folorunsho mai shagon kayan babur a Gwadangaji. A can aka haife ta, Hausarta ta Kabi ce. Ita ta taɓa nuna wa Hodi a wayarta cewa akwai kundi na duniya inda ake jera wuraren da aka daɗe ana bibiya irin wannan, kuma Shinge na ciki, ɗigo ɗaya a taswira.

Masu noman rani sun daɗe da sa wa filin ido. Maigari na yanzu ya yanke magana a gaban jama'a: muddin wuri na cikin kundin, ba mai sa masa fartanya. Ranar da ya fita, za a raba.

Wata safiya Wuraola ta kira Hodi.

"Baba Hodi, ran Asabar ina tahe da baƙo. Dakta Chidera, shi ka duba wuraren ƙasarmu da ke cikin kundin. Abin da yag gani shi za ya rubuta musu."

"Allah ya kawo ku lahiya, ɗiyata."

Da ya gaya wa matarsa Sakinatu, sai ta aje muciya ta dube shi.

"Malam, baƙo daga nesa kuma ya kutsa cikin ƙaya? Ka ga hanyar nan kuwa? Ko ɗaki anka ba baƙo ana share shi."

Gaskiya ta faɗa. Daga bakin gonaki zuwa ƙofar Shinge ciyawa ta kai ƙirji. Hodi ya yi shawarar kiran gayya, 'yar ƙarama, a share hanyar kawai a tsaya a bakin ƙofa. Ya gaya wa Sirajo, taubashinsa, ɗan ƙanwar mahaifinsa, manomin rani, wanda tun suna yara ba su taɓa haɗuwa ba tare da sun zagi juna ba.

Ran Asabar da sassafe Sirajo ya zo da samari cike da hanya, kowa da adda ko lauje, har da makaɗi. Hodi ya nuna musu daga ina zuwa ina, ya koma gida ɗauko fura.

Tun daga nesa da yake dawowa ya ga ƙofar a buɗe. An gama hanyar tuni. Makaɗi ya shiga ciki yana kiran samari da sunayen iyayensu, su kuma suna rige-rigen wanda zai fara kai bakin waya ta kudu. Hodi ya dire ƙwaryar ya sheƙa da gudu.

"Sirajo! Ku tsaya! Wa ya ce ku shiga?"

Sirajo ya ɗago, gumi na zuba, ya juya ga samarin.

"Kun ji malalaci? Shekara talatin yana gadin ciyawa, yau munka zo hidda shi kunya, yana kuka."

Aka fashe da dariya.

"Wallahi ba wasa nikai ba. Ku hita!"

"Ashe ka iya rantsuwa, bawana? Koma ka ɗauko tuwo."

Aka sake dariya. Kowa a garin ya san yadda su biyun suke yi, ba wanda ya ɗauki ihun Hodi da gaske. Ya kama hannun wani saurayi, saurayin ya zaci cikin wasan ne, ya zille ya ci gaba da sara. Makaɗi ma ya sa sunan Hodi a kiɗa. Kuma mutanen da ka kira aikin gayya ba ka korarsu da sanda. Hodi ya yi ta bin su yana magana, suna amsa masa da shewa.

An fara tara ciyawa za a sa wuta lokacin da motar su Wuraola ta tsaya a bakin gonaki. Wuraola ta fito ta bi sabuwar hanyar da sauri. Ta nufi makaɗin kai tsaye ta ce ya tsaya. Da gangar ta yi shiru, adduna suka tsaya.

"Baba Hodi, mi anka yi nan?"

"Hanya nic ce a share, ɗiyata. Hanya kaɗai."

Dakta Chidera dogo ne, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba. Ya gaida mutane, ya shiga ya zagaya shi da Wuraola. Rabin filin ta kudu ya zama fetal. A bakin ƙofa suka iske turakun ƙarfen wannan gefen, an jera su tsaf. Samarin ne suka tuge su don kada su dakushe musu adda. Wuraola ta tsuguna ta ɗauki ɗaya, ta daɗe tana juya shi.

Hodi ya matso. "Ba a mai da su?"

"A ina, Baba? An tattake wurin. Ciyawa za ta sake hitowa, amma ba mu san gurbin da munka yi ta aunawa ba."

Bayan azahar aka taru a ƙofar maigari. Chidera ya yi magana, Wuraola ta fassara. Ya ce rabin arewa lafiya yake, turakunsa da bututunsa ba a taɓa su ba, don haka Shinge zai zauna a kundin. Amma dole ya rubuta abin da ya gani. Za a gyara iyakar, rabin kudu ya fita.

Maigari ya ce maganarsa ba ta canja ba. Abin da ke cikin kundin ba mai taɓawa. Abin da ya fita za a raba kafin a fara ban ruwa.

Da aka watse Hodi ya tare Sirajo a bayan masallaci, inda ba mai jin su.

"Ka ji ni sarai ɗazu."

"Na ji ka."

"To don mi?"

Sirajo ya gyara hularsa. "Kai kak kira gayya, Hodi. Ni dai aiki niy yi."

Bai ce masa bawana ba, Hodi ma bai zage shi ba.

Washegari Hodi ya ɗauki diga ya fara haƙa ramukan sabuwar iyaka ta tsakiyar filin. Wasu samari suka zo za su taya shi, ya ce su bari, zai yi shi kaɗai.