Maki Hamsin da Huɗu

Hedimasta bai ko buɗe takardar ba. Shafin farko kawai ya duba, ya ɗora yatsa a kan lambar da aka kewaye da baƙin layi.

"Hamsin da huɗu," in ji shi. "Baiwar Allah, dokarmu a fili take. Duk yaron da makinsa na gwajin basira bai kai saba'in ba, ba ya shiga aji ɗaya. Ajin baya za mu sa ta."

Matar, mai ɗinki ce, ta san ajin baya, don ta leƙa shi kafin ta shigo ofis. Ɗaki ne a bayan banɗakuna, yara goma sha biyu zube a kan tabarma, babu allo, mai kula da su tana latsa waya. Can ake so a jibge 'yarta Auta, mai shekara biyar da rabi.

"Ranka ya daɗe, takardar nan fa shafi huɗu ce."

"Ni lamba nake karantawa. Sauran duk surutun likitoci ne. Ranar Alhamis muke rufe rajista, sai ki yi shawara da maigidanki."

Auta na ƙarƙashin teburinsa, ta jera murafun biro daga ƙarami zuwa babba. Lalurar galahanga gare ta. Kalmomin bakinta ba su wuce biyar ba, kuma ba ta nuni da yatsa kamar sauran yara. In tana son abu, sai ta kama wuyan hannun uwarta ta kai shi kan abin. Haka take neman ruwa, haka take zaɓen riga.

A shago, Goggo, yayar maigidan, ta riga ta kame kujerar masu jiran ɗinki tana fifita da kwali.

"Hamsin da huɗu? Ai ta yi ƙoƙari! Ni na ɗauka goma za a ba ta. Tun tana goye nake faɗa muku, kuka ce na fiye baki."

"Har yanzu kin fiye shi, Goggo."

Maigidan, mai gyaran famfo, ya leƙo shan ruwa, hannunsa duk tsatsa. Ya juya takardar sama da ƙasa, ya ajiye.

"Maman Auta, masu ilimi sun auna. Mu me muka sani?"

"Ka san 'yarka! Wa ya ware maka kusoshi jiya da gwangwaninka ya zube? Masu ilimin?"

Ya juya ya fita. Akwai mazan da in suka ga hatimi a takarda sai su manta abin da idonsu ya gani, kuma wannan ragwanci ne, ko da sun kira shi haƙuri.

Ta hau keken ɗinki tana taka shi kamar da shi take faɗa. Ranar gwajin ce ta dawo mata. Ƙaramin ɗaki a asibitin yara, fitila tana ƙugi a sama, mai gwajin da tabarau da agogo a hannu. Abin da mai gwajin ta fara cewa shi ne, "Mama, ki zauna can baya. Kada ki yi magana, kada ki taɓa ta, ƙa'ida ce." Aka buɗe littafin hotuna. Nuna mini kare. Nuna mini tsani. Sau uku Auta tana sauka daga kujera tana zuwa neman hannun uwarta. Ita kuwa, don kada a ce ba ta waye ba, sai ta tura hannayenta biyu ƙarƙashin cinyoyinta ta danne. Yarinya ta ja gwiwar hannun, ta ja, ta gaji, ta kwanta a ƙasa tana ihu. Mai gwajin tana ta zana sifili.

Allura ta karye. Mai ɗinki ta zauna tana kallon hannayenta. Da su yarinyar take magana, ita kuma ta zauna a kansu don kunyar tabarau.

Washegari da safe ta ɗauki Auta, ta wuce layin masu jira, ta tura ƙofar ɗakin gwaji.

"Mama, sai da kati ake shiga."

"Da kati na shigo wancan karon, ga abin da na fita da shi." Ta buga takardar a tebur. "Malama, me kika auna?"

Mai gwajin ta gyara tabarau. "Abin da ta iya yi a ɗakin nan a wannan ranar. Ba shi ne iyakar basirarta ba. A haɗa tubalan katako ta wuce sa'anninta nesa. A fahimtar kalmomi ba ta amsa ko ɗaya ba. In aka haɗa su, shi ne ya ba da hamsin da huɗu."

"Aka haɗa? Wato in auna ƙirjin mutum, in auna tsawon ƙafarsa, in haɗa in raba biyu, in yanka masa riga? Wa za ta shiga?"

"Ai na rubuta haka. Duba shafi na uku. Na ce makin ya warwatse, kada a dogara da jimillar wajen yanke hukunci a kanta."

Mai ɗinki ta buɗe. Ga shi nan kuwa, can ƙasa, da ƙananan baƙaƙe da manyan kalmomin da ita kanta ta tsallake.

"Kin sa ƙarya a gaba da kauri, kin ɓoye gaskiya a shafi na uku kamar abin sata. Wa kika taɓa gani ya karanta shafi na uku? Ajin bayan banɗaki za a kai ta saboda lambarki."

"Haka fom ɗin yake zuwa, Mama. Ba ni na tsara shi ba."

"Buɗe littafin hotunan."

Ta zauna kusa da Auta, ta shimfiɗa hannu a tebur. Mai gwajin ta ce, "Auta, ina kare?" Yarinya ba ta kalle ta ba. Ta kama wuyan hannun uwarta ta dire shi a kan kare.

"Kin ga matsalar," in ji mai gwajin. "Hannunki ne. Ko ba ki yi niyya ba, kina iya karkata shi wajen amsa."

"Au, ni ce mai maguɗi?"

Ta tuge ɗankwalinta, ta ninka shi huɗu, ta ɗaure idonta tamau, ta juya fuska bango, ta miƙa hannu.

"To, yanzu makauniya ce ni. Tambayi."

Ta ji ƙarar shafi. Tsani. Kofi. Abin da ake yanka takarda da shi. Wanda ya fi tsawo. Wanda yake barci. Ƙananan yatsu masu sanyi suna ɗaukar hannunta suna ajiyewa, ba ta san inda yake sauka ba. Ba ta jin komai sai ƙugin fitila da biron mai gwajin. Da aka kai sha biyu ta kwance ɗankwalin.

"Nawa?"

"Goma sha ɗaya." Muryar ta yi ƙasa. "Wayar tarho ce kaɗai ba ta gane ba."

Mai ɗinki ta leƙa hoton. Wata baƙar aba ce mai nannaɗaɗɗiyar igiya.

"Wannan ko ubanta sai ya yi tunani. A ina za ta gan ta? Gyara lambar."

"Ba zan iya ba. Wannan ba ya cikin ƙa'ida, ba a ƙirga shi. Akwai wani gwajin da ba ya buƙatar magana, zan sa ta a layi, amma sai nan da wata uku."

"Rajista gobe ake rufewa."

Mai gwajin ta daɗe tana kallon Auta. Sai ta jawo shafi na uku, ta rubuta da hannunta da manyan baƙaƙe abin da ta gani yanzu, da cewa yarinyar tana fahimtar magana kuma ta dace a gwada ta a aji ɗaya. Ta sa hannu, ta buga hatimi.

"Amma shafin farko zai duba," ta ce.

"Wannan kuma aikina ne."

A shago ta ɓalle ƙarfen da ya haɗa takardun da bakin almakashi. Ta maido shafi na uku gaba, ta tura mai lambar can ƙarshe, ta sa jan zare, ta bi gefen da keke layi biyu kamar bakin wando.

Goggo ta riƙe haɓa. "Yau na ga abu. Takardar likita ake wa kalmasa?"

"Ki bari in gama, bakinki ne na gaba."

Ranar Alhamis Hedimasta ya karɓi takardar, yatsansa ya tafi neman baƙin layi bai samu ba.

"Wa ya ɗinke wannan?"

"Ni. Lambarka tana baya, ban yaga ba, ban goge ba. Amma sai ka bi ta kan wannan kafin ka kai gare ta. Karanta, ranka ya daɗe, ina da lokaci."

Ya karanta. Ya duba hatimin, ya shafa zaren, ya sake karantawa, fuska a murtuke.

"Zango ɗaya," ya ce, yana jawo rajista. "In ta hana aji karatu, ajin baya."

"In aka koya mata, za ta koya."

Ba ta yi godiya ba, don ba kyauta aka yi mata ba. A baranda Auta ta kama wuyan hannunta, ta ja ta har ƙofar aji ɗaya, ta ɗora shi a kan mariƙin. Mai ɗinki ta murɗa, yarinya ta shige.

Hanyar fita ta gaban banɗakuna take. Ta tsaya a tagar ajin baya. Yara goma sha biyu suna nan a kan tabarma.

"Ke," ta ce wa mai kula da su. "Iyayen yaran nan, ƙarfe nawa suke zuwa ɗaukarsu?"

"Ƙarfe ɗaya. Lafiya?"

Mai ɗinki ta gyara ɗankwali, ta nemi dakali ta zauna jiransu. Su ma takardunsu suna da shafi na uku.