Bindigar Mam Bapir

Ana tsakiyar nunar inabi Pura Nazdar ta shigo shagona na gyaran bindigogi a kasuwar Rawanduz, rungume da wani dogon abu naɗe cikin bargo. Ta dire shi kan teburi tana haki. Tun kafin ta warware na san mece ce, don duk ƙauyukan nan babu wanda bai san Birnon mijinta Mam Bapir ba, tsohuwar bindigar soja mai tsawon da ya kusa kai kafaɗarta.

"Wasta Kamaran, ba ni shayi tukuna, ƙafafuna sun mutu," in ji ta. A harshenmu Wasta shi ne gwanin sana'a, Pura gwaggo, Mam kuma baffa.

Sai da ta shanye kofi biyu sannan ta faɗi abin da ya kawo ta. Aladun daji sun addabi gonarsu. Sau uku Mam Bapir yana yi musu kwanto, sau uku yana kuskure, na ƙarshen ma bai fi taku hamsin ba. Hannunsa rawa yake saboda nauyin bindigar, idonsa kuma ya yi rauni. Tun daga ranar ya rataye ta, ya koma jikin katanga yana zaune, abinci ma sai ta yi da gaske.

"Na ce masa zan kawo a wanke ta," in ji ta. "Kai kuma ka rage mata tsawo, ka sa mata madubin hangen nesan nan irin na mafarautan yanzu. In ya zo ka ce tsatsa ce ta cinye bakin, dole ta sa ka yanke."

Na zare makullin bindigar, na ɗaga bututun wajen haske. Cikinsa ƙal, ko ɗigon tsatsa babu. Shekara hamsin mutumin nan yana shafa mata mai.

"Pura, wannan ai zunubi ne. In yanke lafiyayyen ƙarfe, sannan in yi wa dattijo ƙarya?"

"Bindigar na aura ko shi?" Ta gyara ɗankwalinta. "In ka ce masa idonsa ne, wallahi ba zai sake taɓa ta ba. Zunubin ka bar mini, ina da wurin ajiye shi."

Kwana huɗu na yi a kanta. Na yanke kusan taƙi ɗaya daga baki, na goge wurin da magagari har ya yi sumul. Na cire maƙalin da soja ke ɗaura wuƙa, na fere katakon gaba, na rage gindin daidai hannun tsoho. Madubin kuwa can gaba na ɗaura shi, nesa da fuska, yadda zai yi saiti da idanunsa biyu a buɗe, kuma in ta yi baya wajen harbi ba za ta fasa masa gira ba. Da na gama, hannu ɗaya ma ya isa ɗaukar ta.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Mam Bapir ya zo, da rawaninsa da ɗamararsa. Ya daɗe yana kallon ta bai taɓa ba.

"Wa ya yi wa amaryata aski?"

Na karanto ƙaryata kamar yadda aka koya mini, ina kallon ƙasa. Ya ce in ba shi guntun da na yanke. Na manta ban ɓoye shi ba, yana nan kan teburi. Ya ɗauka, ya kanne ido ɗaya, ya leƙa cikinsa ta wajen rana. Ya daɗe a haka.

"Tsatsa ce kuwa," ya ce a hankali. "Ta yi mata mugun ci."

Muka zagaya bayan shago inda nake gwaji, na kafa gwangwani a taku ɗari. Ya ɗaga ta, sai na ga kafaɗarsa ta saki, bakin bindigar ya tsaya cak. Bai harba nan da nan ba. Ya ɗaga ta sama kaɗan, wajen gangaren dutsen da ke tsallaken kwari, yana leƙawa ta madubin.

"Kamaran, awaki ne can? Har da mai farin goshi. Ni da na ɗauka an daina kiwo a wurin."

Sannan ya sauko da ita, ya ja kunama. Gwangwanin ya yi tsalle. Ya sake harbi, gwangwanin ya sake tashi. Ya zauna kan dutse, ya ɗora ta a cinya, yana shafa katakon da babban yatsa.

"Nazdar ce ta shirya maka zancen nan, ko?"

Na sunkuya ina tsintar kwanson harsashi.

"Ba ta iya ƙarya ba, kai kuma ka fi ta rashin iyawa. Kada ka gaya mata na gane. Ta sha wahalar ɗauko ta tun daga ƙauye."

Bayan mako biyu Pura Nazdar ta dawo da kwandon inabi da ƙullin cuku. Ta ce ya kashe alade ɗaya, ya kuskure biyu, ya ce iska ce ta yi yawa.

"Yana cin abinci?" na tambaya.

"Ci? Ya hana ni sakat. Duk wanda ya wuce ƙofar gida sai ya tsare shi da labarin aladen nan, kullum kuma ƙara girma yake. Jiya ya kai girman jaki." Ta tura mini kwandon. "Zuba mini shayi, Wasta, motar ƙauye ta kusa tashi."